Na kai masa kwamfuta biyu, ɗaya matacciya ɗaya mai ƙorafi

Akwai wani shagon gyaran kwamfuta a Titin Beirut a nan Kano, a saman bene, in za ka hau matakalar sai ka karkata kafaɗa saboda kwalayen firinta da aka jibge a hanya. Can na wuni ranar wata Alhamis, kuma tunda malamai abokan aikina sun ishe ni da tambayar yadda muka ƙare da mai shagon kan maganar lasisin Windows, gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Ni malamin Islamiyya ne, kuma ni ake ɗora wa buga tambayoyin jarrabawa da takardun sakamako duk zango. Kwamfutata ta farko sabuwa dal na saye ta a kwali a 2017, da Windows 10 a cikinta tun daga kamfani, ba ta taɓa tambaya ta lasisi ba. Wani dare na bar ta a caji, wuta ta dawo da ƙarfi, da safe ko fitila ba ta kawo ba. Jarrabawa saura mako biyu, sai na sayi wata ta hannu, 'yar Beljiyam. Wata shida tana aiki lafiya lau, rannan sai ga wani rubutu dishi-dishi a kusurwar ƙasa ta hannun dama yana cewa in yi wa Windows rajista. Ba ya hana aiki, amma ko hoton fuskar kwamfutar ba ka isa ka canza ba, kuma kullum yana nan kamar mai bin bashi a bakin ƙofa.

Dabarar da na zo da ita daga gida, a ganina, ba ta da aibi. Na biya kuɗin Windows na gaske a cikin kuɗin tsohuwar, ita kuma ta mutu. To me zai hana a ɗebo lasisinta a zuba wa wannan? Na dire su biyun a kan teburinsa na zayyana masa. Yaro ne matashi, da ƙyar in ya kai talatin, kowa a benen Injiniya yake ce masa. Ya saurare ni har na gama bai katse ni ba, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in babur ɗinka ya ƙone, ka sayi wani, za ka nuna wa jami'in hanya takardun tsohon?"

Na ce a'a, ai lambar jikinsu ba ɗaya ba ce. Ya ce to haka wannan yake. Lasisin da kamfani yake zubawa a kwamfuta kafin a sayar da ita, wanda suke kira OEM, an ɗaura shi ne da wannan kwamfutar ita kaɗai, kuma abin da Microsoft take ɗauka a matsayin kwamfutar shi ne bod ɗinta, wato babban allon da komai yake manne a kansa. In ka sayar da ita ko ka yi kyauta, lasisin ya bi ta gidan sabon mai ita, wannan ba laifi. In bod ya ƙone, sun tafi tare. Wanda ake iya ɗagawa daga wata kwamfuta zuwa wata shi ne wanda mutum ya saya daban da kuɗinsa, shi ma da sharaɗin a cire shi daga ta farkon. Wannan kuwa a shafin Microsoft dala 139 ne na Home, wato Windows na amfanin gida, na Pro, wato babban, kusan dala 200. Da na juya shi zuwa naira a raina sai na yi shiru.

Ban haƙura nan take ba. Na ce to a ciro diskin tsohuwar a dasa a wannan mana, ai Windows ɗin a cikinsa yake zaune. Ya ce Windows ɗin yana ciki, amma makullin, wato lambobin lasisin, ba ya ciki. Ya sa sukundireba ya buɗe matacciyar, ya nuna mini wani ɗan baƙin guntu a jikin bod, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, ya ce a irin wannan ake binne shi. A zamanin Windows 7 sitika ake mannawa a ƙarƙashin kwamfuta ko a ramin batir, da haruffa da lambobi 25, shi ya sa a da za ka ga mutane suna kwafe ta a takarda. Tun daga Windows 8 a 2012 aka daina, aka koma rubuta makullin a cikin BIOS, wato manhajar da ke zaune a wannan ɗan guntun. Saboda haka za ka iya canza diski, ka ƙara RAM, ka yi fomatin sau goma, lasisinka yana nan. Amma ka kai diskin wata kwamfuta, ko da ta tashi, da ta leƙa intanet za ta gane ba gidanta ba ne.

A nan ne na fara ganin bambancinsa da sauran. Kafin in hau benen, wani a ƙasa ya tare ni ya ce in kawo dubu biyu, minti biyar ya kashe mini rubutun. Na gaya wa Injiniya, ya yi dariya ya ce bari ka ga abin da aka yi maka tun farko. Ya buɗe wannan baƙin allon da ake rubuta umarni a 'yar Beljiyam ɗin, ya buga slmgr /dli, ya juyo da ita gabana. An rubuta VOLUME_KMSCLIENT. Ya ce wannan tsari ne na manyan ma'aikatu masu ɗaruruwan kwamfutoci, rajistarsa kwana 180 take yi sannan a sabunta. Masu sayarwa sukan yi amfani da wata manhajar boge su yaudari kwamfutar da shi, ta yi shiru har ka manta inda ka saye ta. Na ƙirga a yatsa, wata shida cif. Da an ga OEM ko RETAIL, wato wanda mutum ya saya daban, a wurin, da babu magana.

Sai ya sake buga wani dogon umarni wanda ban riƙe ba, sai ga lambobi 25 sun fito. Ashe 'yar Beljiyam ɗin tana da nata lasisin na halal a binne a bod tun daga kamfani, na Home. Wanda ya sayar mini shi ya danne shi da Pro na boge, wai don a ce babba ce. Abin da na hau bene ina roƙo a ciro daga gawa, ashe yana cikin jakata tun wata shida. Ya kwashe takarduna a filash, ya goge komai, ya zuba Windows 11 tunda injin nata ya cika sharaɗi, kuma Microsoft ta sa 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10. Wajen zubawar ko tambayar makulli ba ta yi ba, da kanta ta zaɓi Home. Ya haɗa ta da intanet ɗin wayarsa, kafin in gama shan ruwan leda rubutun ya ɓace.

Yanzu laifinsa, don yana da shi. Shagon kujera ɗaya ce tak, janareto a bakin taga, sai kun ɗaga murya. Aikin da ya ce awa ɗaya ne ya kai ni la'asar, domin duk wanda ya shigo da caja ko kibod sai ya ajiye nawa ya saurare shi. Rasit sai da na tambaya sau biyu. Wanda ya fi ci mini rai kuwa, bai gaya mini cewa Office, wato ƙunshin manhajojin da Word yake ciki, lasisinsa daban ne ba, kuma wanda ke ciki shi ma na boge ne, ya tafi da fomatin. Sai da na zauna da daddare zan buga tambayoyin Fiƙihu na aji huɗu na tarar babu Word, babu kibod ɗin Larabci, babu na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ. Na kira shi a fusace. Ya ba da haƙuri, ya bi da ni a waya har na mayar da harsunan biyu, Word kuwa ya ce ko in saya ko in gwada LibreOffice, kyauta ce kuma tana buɗe takardun nawa. Ita nake amfani da ita yanzu, duk da teburin sakamako yakan ɗan goce sai na gyara.

Kuɗin aikinsa bai kai na cefanen kwana biyu ba, kuma diskin tsohuwar ya saka mini shi a ɗan akwati mai waya, ina jona shi kamar filash, duk jarrabawowin shekara bakwai suna ciki. Gangar jikin ya nemi in sayar masa saboda sikirin da kibod, na ce sai na yi shawara. Tana nan a kan durowa har yanzu.