Mai shagon da ya hana ni sayen kati mai tsada

Ƙanena da ke Yamai ya daɗe yana roƙona in haɗa masa kwamfutar wasa, ƙarama wadda matafiyi zai iya sa wa a jaka, amma mai ƙarfin gaske. Sai na nufi Montgallet, layin masu kayan kwamfuta a Paris, da jerin da ya turo mani: akwatin Fractal Terra mai lita 10 da ɗoriya, allon mini-ITX (wanda ake dasa sauran kayan a kansa) mai santimita 17 kowane gefe, furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 7 9800X3D, da katin hoto RTX 5090, mai zana hotunan wasa. Katin kaɗai ya haura euro 2000, wato sama da sefa miliyan 1 da jikka 300.

Mai shagon ya karanta, bai ko taɓa katin ba. Tef ɗin awo ya jawo. Ya ce akwatin ba ya ɗaukar katin da ya wuce milimita 322, nasa kuwa ya wuce. Ya buɗe akwatin ya nuna mani ƙarfen tsakiya da ake matsawa: duk wurin da ka ƙara wa kati, a wajen fankar sanyaya furosesa ka rage shi, ita kuma ko an sakar mata wuri ba ta wuce milimita 77. Sannan ya tambayi ƙasar da za a kai ta. Na ba shi labarin zafin Afrilu da Mayu, da ƙurar hunturu, da ɗauke wuta. Ya girgiza kai, ya ce katin da ke shan wat 575 a wannan ɗan akwati, a wannan zafi, wahala zan aika. In ɗauki RTX 5070 Ti mai wat 300, da ƙaramin akwatin raba wa kayan wuta, samfurin SFX, mai wat 750, sauran kuɗin a sayi ondilar mai kyau, wato na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke. Kuɗin kati ya sauko ƙasa da rabi, da bakinsa.

Wallahi abin ya tsaya mani a rai. A gida me za ka ji? "Alhaji ɗauka, zai shiga, orijinal ne." In ka dawo da shi, "ai kaya ya fita." Ba faktir, ba shaida, sai rantsuwa. Nan Faransa doka ta ba mai saye garantin shekara 2, in kuma ta intanet ka saya kana da kwana 14 na mayarwa ba tare da faɗin dalili ba. Mai shago ya san in ya ruɗe ka, kayan wurinsa zai dawo. Mu masu saye ma muna da namu: babba muke so don a gani. Ƙanen nawa har fushi ya yi, "Haba Yaya, ai ni 5090 na ce!"

Amma ba komai na masu shagunan Paris ke burge ni ba. Ba ragi ko na dala, ba "ina gajiya", ba shayi, kuma ɗaura ƴan kusoshi ma sai ka biya kuɗin aiki mai nauyi. In garanti ya ƙare abu ya lalace, sau da yawa sai su ce sayi sabo. Nan nake kewar yaranmu masu gyara a Yamai, waɗanda za su zauna da abin walda su bi allo layi-layi har ya tashi. Wannan hannu da za a haɗa masa da faktir da tef ɗin awo, ba wanda zai yi dogon tafiya neman kati.

Kwamfutar za ta iso bayan Salla. Na gaya masa kada ya ajiye ta a ƙasa ko jikin bango, kuma duk mako na hunturu ya buɗe gefunan ya hure ƙura.