Horon malaman jami'a da muka je a Garwa: sai da aka ɗauke wuta na ƙaru

Abokan aiki sun dame ni da tambaya, wai su ba da suna a zagaye na gaba na horon nan na koyarwa da kayan zamani ko kada su ɓata lokacinsu, to bari in amsa a nan gaba ɗaya kowa ya huta. Ba zan kama sunan waɗanda suka shirya ba, ku da kuka ga takardar gayyata kun san su, kun kuma san nawa suka ce za su ba da na kuɗin zama.

Daga jami'o'i uku na arewacin Kamaru aka tattaro mu, ta Ngaundere da ke nan tun 1993, ta Marwa ta 2008, da autarsu ta Garwa da aka kafa a 2022, aka zuba mu a zauren wani otal ana tsakiyar zafin Afrilu. Ni labarin ƙasa nake koyarwa, 'yan shekarar farko, kuma gaskiya da zumuɗina na je. Don mu faɗa wa juna gaskiya, yawancinmu ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana koyarwa, ka kare digirinka kawai a miƙa maka amfi, wato babban zauren lacca, cike da ɗaruruwan yara a ce bismilla. Tun 2007 ake ta waƙar tsarin LMD na digirin farko da mastas da dakta, wai ɗalibi ne zai riƙa aikin malami na ja masa gora, amma a aikace har gobe shifta muke yi, kana karantowa suna rubutawa. Da korona ta zo a watan Maris na 2020 aka rufe makarantu aka ce a koma intanet, abin da da yawanmu muka iya shi ne mu watsa PDF a gurup ɗin WhatsApp mu ce wa delege, wato wakilin aji, ya tabbatar kowa ya samu, shi ke nan wai an yi karatu daga nesa.

Farkon horon kam haushi ne zalla. Wani babban ƙwararre da aka ɗauko daga nesa ya tsaya gaban allon nan mai taɓawa da yatsa, ya yi ta karanto mana rubutun da ke jikin allon kalma bayan kalma, kuma wallahi taken jawabin nasa shi ne yadda malami zai daina karanta wa ɗalibai rubutu daga allo. Duk misalansa na ajin mutum ashirin ne kowa da kwamfutarsa a gaba. Da wani daga Marwa ya ce masa ranka ya daɗe mu fa yaranmu waya ce kawai a hannunsu, ita ma wasu ta aro, sai ya ce ai gwamnati ta raba wa ɗalibai kwamfuta dubu 500. Eh an raba, amma tun ƙarshen 2017 aka fara rabon nan, waɗanda suka karɓa sun daɗe da gamawa wasu ma suna da 'ya'ya. Sai aka shiga Moodle, dandalin ɗora wa ɗalibai darussa a intanet, shi kuma ba laifinsa ba ne, manhaja ce mai kyau kuma kyauta tun 2002, amma da muka hau wifi ɗin otal gaba ɗaya sai ya durƙushe, rabinmu ko shafin farko ba su gani ba.

Rannan bayan azahar aka ɗauke wuta. Wanda ya san Garwa a wannan lokacin ya san ba sabon abu ba ne, ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya, rabon wuta ake yi unguwa unguwa duk da tashoshin wutar hasken rana na Marwa da Gidar sun ɗan rage abin. Janareton otal ya yi tari ya mutu. Allo ya yi baƙi, na'urar sanyi ta tsaya, ƙwararren namu ya rufe kwamfutarsa ya ce a je hutu sai wuta ta dawo. Mutane har sun fara neman takalmansu sai wata mata da tun zuwanmu muke ganinta a gefe tana raba takardu da ruwa, ni duk a zatona sakatariyarsu ce, ta miƙe ta ce don Allah malamaina ku ba ni rabin awa, nawa darasin ba ya cin wuta. Ashe dokta ce a fannin ilimin koyarwa, a can ƙasan jadawali suka saka ta ranar rufewa.

Ta sa aka buɗe tagogi, ta ba kowa farar takarda guda ta ce a ninka gida huɗu, a rubuta A, B, C, D manya manya ɗaya a kowane gida. Ta ɗauki alli, allin gaske, ta rubuta a wani tsohon allon katako da aka jingine a bayan zaure: a wane wata ne duniya ta fi kusa da rana? A Janairu, B Afrilu, C Yuli, D duk ɗaya ne. Ta ce kada kowa ya yi magana da na kusa da shi, a yi tunani minti ɗaya, in ta ƙirga uku kowa ya ɗaga amsarsa daidai ƙirjinsa yadda ita kaɗai za ta gani. Jama'a, zaure cike da daktoci da farfesoshi, gumi na zuba, sai ga B ta cika wuri, C na biye da ita, A tsiraru. Ba ta ce an ci ko an faɗi ba, ko a fuskarta ba ka gane komai, cewa kawai ta yi kowa ya nemi wanda amsarsu ta bambanta ya shawo kansa, minti uku.

Ni na faɗa hannun wani dattijon farfesan shari'a mai furfura, B ya ɗaga kuma ya kafe. Ya ce ɗana kai ba ka jin abin da nake ji ne, yanzu ma'aunin zafi ya haura arba'in ka ce min rana ta fi kusa a lokacin da muke kwana da bargo? Na ce Baba Farfesa, Allah ya ƙara girma, to a Janairun da Faransa ke fama da ƙanƙara ai Afirka ta Kudu bazara suke, kuma duniyar guda ce, nisanta da rana guda ne a ranar, in nisa ne ke kawo zafi ya za a yi wasu na rawar ɗari wasu na fifita? Ya yi shiru, ya cire tabarau, ya ce sake faɗa. Na ɗauki lemon da aka raba mana na soka masa biro na karkata shi, na zagaya da shi kwalbar ruwa ina nuna masa yadda karkatar duniya ke sa hasken ya sauka tsaye a wani wuri ya sauka a kishingiɗe a wani wuri, mu kuma nan Afrilu rana na tsakar kanmu ga shi damina ba ta sauka ba balle gajimare ya kare mu. Ko'ina ka juya a zauren gardama ake, wasu da Faransanci wasu sun koma Fulatanci don abin ya yi zafi. Da ta sake ƙirga uku sai ga A ta mamaye wuri, har da ta Baba Farfesa, ya ɗaga ta sama da kai ma yana dariya. Sannan ne ta faɗi amsar a taƙaice, farkon Janairu wajen kilomita miliyan 147, farkon Yuli wajen miliyan 152.

Abin da ta ce bayan nan shi ne ya biya ni wahalar tafiyar. Ta ce dabarar ba tata ba ce, wani malamin kimiyyar lissafin motsi da ƙarfi ne a jami'ar Harvard ta Amurka, Eric Mazur, ya fito da ita a farkon shekarun 1990, da ya lura ɗalibansa na cin jarrabawar lissafi amma in an yi musu tambayar fahimta sai su zube. Dalilin da ya sa take aiki, wanda bai daɗe da gane abu ba yana tuna inda ya maƙale, shi ya sa ya fi malamin da ya gane shekara ashirin baya iya warware wa ɗan'uwansa. Ta ba mu ma'auni kuma, in kusan kowa ya ci tun farko ka wuce kada ka ɓata lokaci, in kusan kowa ya faɗi kada ka sa su gardama don makaho ne zai ja makaho, ka sake bayani, gardamar tana amfani ne in masu daidai sun kai kamar kashi 30 zuwa 70. Kuma wahalar duk tana wajen tsara tambayar, dole amsoshin banza su zama irin kuskuren da yaran ke yi da gaske. Ta ce mai son na'ura akwai Plickers, katuna ne ake bugawa a takarda malami ya haska su da wayarsa ta ƙirga masa, ɗalibi ba ya buƙatar waya sam, amma shi don ƙaramin aji ne, a amfi takardar nan da idonka sun wadatar.

Na dawo na gwada a darasin taswira. Na tambaye su tsakanin taswira mai ma'aunin 1:50 000 da mai 1:200 000 wacce ta fi nuna abubuwa dalla dalla. Abin nan shekara da shekaru ina shifta shi, suna rubutawa, suna maido min da shi a jarrabawa. Fiye da rabin amfi suka ɗaga ta biyu don lambarta ta fi girma. Na sake su su yi gardama, hayaniya ta tashi har mai gadi ya leƙo, ina zagayawa ina jin Fulatanci da Hausa da Larabcin yaranmu 'yan Chadi, sai na ji wata yarinya a layin baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, tana ce wa samari uku santimita ɗaya a ta farko mita 500 ce a ƙasa, a ta biyu kilomita 2 ce, to a wacce za ku ga unguwarku? Zagaye na biyu kusan duk suka dawo hanya. A ranar, da a ce zan ba horon nan maki, da goma bisa goma zan ba shi.

Amma fa da na zauna rubuta wannan sai abubuwa suka riƙa dawo min, raina ya sake ɓaci. Matar nan da wuta ta dawo katse ta aka yi tana tsakiyar magana, aka koma kan allo mai taɓawa, kuma ranar rufewar da aka ba ta jawaban godiya da ɗaukar hoto suka cinye, ba ta sake samun ko minti goma ba. Ta so ta nuna mana yadda ɗalibi zai sauke darasi a manhajar Moodle ta waya lokacin da ya samu koneksiyon ya karanta daga baya ba tare da intanet ba, abin da ya fi komai dacewa da yaranmu, a tsaye bakin ƙofa ta yi wa mu 'yan kaɗan bayaninsa muna jiran masu mashin. Lambar sirrin da suka ba ni ta shiga dandalinsu har yau ba ta buɗewa, na rubuta musu na gaji. Gurup ɗin da aka buɗe wai don bibiya ya koma na barka da Juma'a da tallan atamfa. Allon da suka ce sun ba kowace tawaga kyauta, namu na nan kulle a wani ofis da ledarsa kamar kayan ɗakin amarya, sai an yi baƙi ake buɗewa a nuna. Kuɗin zama rabi aka ba mu aka ce sauran za a turo ta waya, na mota ma daga aljihuna ya fita, kuma atestasiyon ɗin, takardar shaidar halarta da da yawanmu don ita suka je, saboda a saka a cikin takardun neman ƙarin girma, wai tana jiran sa hannun wani da ya yi tafiya. Abinci dai ba laifi, ɗakunan kwana ma haka.

Don haka masu tambaya, kafin ku ba da suna ku nemi jadawalin ku duba ko an ba doktar nan yini guda nata na kanta, in an ba ta ku je ko da kuɗinku ne. Ni na kira na tambaya, wanda ya ɗauka ya ce min bai tabbata za a sake gayyato ta ba, wai ba ta cikin jerin manyan ƙwararrunsu, da na tada maganar atestasiyon kuma sai ya ce layin ba ya da kyau zai kira ni.