Neman Mafaka Ko Bizar Karatu?

Ranar Juma'a a Agege, bayan an sauko daga masallaci, wani ƙanena ya tsare ni: "Yaya, wai in na sauka Ingila na nemi mafaka, ba shi ke nan ba?" Wani dillali ne ya hure masa kunne.

Mafaka ba maganin talauci ba ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951 kan 'yan gudun hijira dalilai biyar ta amince da su: launin fata, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a da ake zalunta. Tsadar shinkafa a kasuwar Mile 12 ta Legas ba ta ciki. A Ingila mai neman mafaka ba ya aiki, sai ya shekara yana jiran hukunci kafin ya roƙi izini. Amurka kuwa shekara ɗaya take ba mutum bayan shigarsa ya miƙa takarda. Hanyar Roxham da 'yan Najeriya suka riƙa bi daga Amurka zuwa Kanada neman mafaka an toshe ta a Maris 2023. Shirin Ingila na kai masu neman mafaka ƙasar Ruwanda dai ya mutu a 2024.

Bizar karatu fa, kuɗi take ci, ga Naira ta sha ƙasa. Tun Janairun 2024 yawancin ɗalibai ba sa tafiya da iyalinsu Ingila, sai masu digirin bincike. Amma fasfonka na hannunka, hutun Sallah kana iya zuwa gaida Hajiya. Wanda aka ba mafaka, in ya leƙo gida, matsayinsa na iya salwanta.

Ni dai na ce masa ya nemo takardar sakamakonsa ta WAEC tukuna.