Katako ko garin POP: da wanne za a yi mol ɗin murfin Mustang?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka. Ka ce kana farfaɗo da ƙaramin jirgin samanka mai rimot, kwafin jirgin yaƙi P-51D Mustang mai sikelin 1:6 (wato kashi ɗaya cikin shida na awon jirgin gaske), sai ga murfin ɗakin matuƙin ya dafe ya koma ruwan ɗorawa, ya kuma tsage ta baya, irinsa ya ɓace a kasuwa. Yanzu kana waswasi tsakanin abu biyu: ka sassaƙa sabon mol da katako, wato dunƙulen da ake kifa roba a kansa ta ɗauki siffarsa, ko ka zuba garin POP cikin tsohon murfin ka ɗauko siffarsa. Na taɓa yin duka biyun. A halin da kake ciki POP zan ɗauka, amma bari in jera maka su ka gani da idonka, don akwai wuraren da katako ya fi shi nesa ba kusa ba.

Ko wanne ka zaɓa, wuya iri ɗaya zai sha. Za ka ɗaure fallen roba garai-garai a firam, ka gasa ta har ta yi laushi ta fara lotsawa, ka kifa ta a kan mol, injin zuƙe ƙura ya janye iskar da ke ƙarƙashi, robar ta lafe. Yawancinmu robar da ake kira PETG muke amfani da ita, mai kaurin milimita 0.75 zuwa 1 ga jirgi mai girman naka, tana kuma sakin jiki tsakanin digiri 120 da 160 a ma'aunin Celsius. Ban da zafi akwai danniya. Iskar da muke shaƙa tana danna kowace santimita murabba'i da nauyin kusan kilo 1, injin gida kuwa abin da yake iya janyowa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba. Ka ɗauka gindin mol ɗinka santimita 12 ne a 35: tamkar babban mutum ne ya hau kansa ya tsaya. Shi ya sa mol na soso mai taushi ko na balsa (wani katako marar nauyi) da aka rarake cikinta ba sa kai labari.

Mu fara da siffa, don a nan ne suka fi rabuwa. Fikafikan Mustang na gaske mita 11.28 ne, naka zai kai mita 1.88. Jirgi mai wannan girma, duk wanda ya matso kusa murfin yake fara kallo, kuma na samfurin D ba akwati ba ne mai kusurwa. Kumburarre ne kamar ɗigon ruwa, ya tashi a gaba, ya zame a hankali zuwa baya, ba layi ɗaya miƙaƙƙe a jikinsa. Idan katako ka ɗauka, dole ka zana siffar ta gefe da ta sama a jikin gungumen, ka yanke, sannan ka yanko kwalaye huɗu ko biyar masu nuna faɗin kowane yanki, kana gogawa kana gwadawa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima; to a wannan aikin yakan yi kuskure. Kana iya rantsuwa dama da hagu sun yi daidai, sai ka ɗora murfin a kan jirgi ka leƙa ta hanci, ka ga ya karkata. Dabarar da ke taimakawa ita ce ka manna gungume biyu da siririn falankin filawud a tsakiyarsu, wanda aka riga aka yanka shi daidai siffar gefe. Shi zai zame maka layin tsakiya da samfefa ba za ta cinye ba.

POP duk ya ɗauke maka wannan. Siffar tana hannunka, wani ya riga ya yi wahalarta. Akwai kuma wata riba da mutane ba su cika lura da ita ba: abin da za ka zuba cikin tsohon murfi zai fito ne da awon ciki. Idan ka kifa sabuwar roba mai kauri irin na tsohuwar, awon waje zai dawo daidai yadda yake, murfin ya zauna a mazauninsa ba gyara. Da katako kuwa sai ka tuna ka rage kaurin robar daga kowane gefe, in ka manta murfin ya fito ya ɗara gangar jirgin faɗi da milimita 2, ya tsaya kamar aro.

Sai dai POP ba ya zaɓe, duk abin da ya tarar shi yake kwafa. Tsagar nan ta baya za ta fito, ƙarzuwar da ke ciki za ta fito, busasshen gam ma haka. Don haka ka fara haɗa tsagar da salatif ta waje, ka kankare cikin ya yi sumul, ka shafa basilin kaɗan ka goge shi har ya zama kamar babu. Abin da ya fi ɓata wa mutane aiki shi ne nauyi. Lita ɗaya ta kwaɓin POP ta haura kilo ɗaya da rabi, tsohuwar roba kuwa ba ta da ƙarfin riƙe wannan, sai ta buɗe baki a hankali ba ka sani ba, mol ya fito ya fi asali faɗi. Ka kifa murfin cikin akwatin yashi mai ɗan damshi, ka danna yashin ya rungume shi ta ko'ina, ka auna faɗin bakin kafin zubi ka sake aunawa bayan zubi. Kwaɓin kuma, gari awo 100 ga ruwa awo 70 a ma'aunin nauyi, a riƙa barbaɗa garin cikin ruwa, ba a kwara ruwa kan gari ba. Ka fara shafa kaɗan da buroshi don kumfar iska kada ta maƙale a fuska, sannan ka cika, kana ɗan bubbuga akwatin.

Batun fuska kuwa, a nan nake so ka fi tsayawa, domin roba garai-garai ba ta rufa wa kowa asiri. Ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta bar tabo. Katako yana da jijiya, kuma zafi na tayar da ita. Ka goge shi ya yi santsi a hannu, amma da roba mai zafi ta hau, sai zanen jijiyar ya bayyana a murfin kamar inuwa. Katako mai ƙaro, irin na fir da danginsa, ya fi muni, don zafi na fito da ƙaron waje. Wanda ya dace shi ne mai laushin sassaƙa, mai matsattsiyar jijiya, ko kuma falankan MDF da aka manna aka tara, ko da yake layin gam ɗin da ke tsakaninsu ma yakan nuna. Dole dai a rufe fuskar. Na farko da na yi, fenti mai sheƙi na fesa masa, na yi kwanaki ina gogewa har yana ɗaukar ido. Robar na sauka fentin ya yi laushi ya kama ta, na ɓare murfin da ɓawon fenti a cikinsa, aikin mako biyu ya tafi. Tun daga nan efoksi, wato gam ɗin da ake haɗa ruwa biyu ya daskare da tauri, nake shafawa siriri, in bar shi ya bushe sarai, in bi da samfefa lamba 220, 400, har 600, in tsaya. Wuce haka ba riba: fuska mai sheƙi ƙwarai tana kulle iska tsakaninta da robar, sai ka ga ƙananan tabo kamar sawun ruwa.

POP ba shi da jijiya, ga shi kuma da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, iskar da ta maƙale tana samun hanyar wucewa ta jikinsa. Wannan babbar falala ce. Aibinsa ruwa. Yana daskarewa cikin rabin awa, har ka ji ya yi ɗumi, amma daskarewa daban bushewa daban. Dunƙule mai girman naka yana son mako guda ko fiye a wuri mai iska. Muddin ka taɓa ka ji sanyi-sanyi, da saura. Kada ka yi masa gaggawa da wuta mai ƙarfi. In za ka taimaka masa, kada zafin ya wuce digiri 50, don fiye da haka na dogon lokaci yana mayar da fuskarsa gari. Idan ka yi aiki da shi da ɗanyensa, tururi zai tashi ya dusashe robar. Wani abin kuma, POP yana shanye zafi da sauri fiye da katako, robar na taɓa shi sai ta sandare kafin ta gama lafewa, ta bar layi. Maganinsa ka ɗan ɗumama mol ɗin kafin ka kifa, ka goge shi da tsumma marar gashi a daƙiƙar ƙarshe.

Wajen ƙarko ba gardama, katako ne. Ka cire murfi ashirin a kansa yana nan, ya faɗi ƙasa ka ɗauka ka shafa masa bodi fila. POP gefensa na ɓantarewa, in ya faɗi shi ke nan. Akwai nau'in da ya fi na gama-gari tauri, kamar Ultracal 30 ko wanda masu haɗa haƙora ke zuba samfuri da shi, in ka samu ya fi. Amma kai murfi nawa kake nema? Biyu ko uku, ɗaya na gwaji, ɗaya na jirgi, ɗaya na ajiya. POP na kai wannan cikin sauƙi.

Akwai matsalar da ta shafe su duka, wadda ta Mustang ce musamman. Kumburin murfin ya fi bakinsa faɗi, don haka robar na iya rungume mol ta ƙi sakinsa. Da katako kana iya raba shi uku a tsaye, ka zare na tsakiya, na gefe su faɗo ciki. POP ba ya son irin wannan rabon. Abin da nake yi shi ne in yanke robar a kan layin gindi tun tana jikin mol, PETG na da ɗan juriya, takan buɗe ta fita in kumburin bai yi yawa ba. Ya fi ma ka bi yadda jirgin gaske yake: gilashin gaba daban, murfin da ke zamewa baya daban, kowanne da nasa mol. Kuma ko wanne ne, ka ƙara masa tsawon santimita 1 zuwa 2 a ƙasa, don lanƙwasar da roba ke yi a gindi da naɗewarta su faɗa wajen layin yanka. A POP, ka kewaye bakin tsohon murfin da katangar kwali ka zuba har sama.

Wani zai ce me ya hana a buga shi da na'urar 3D. Ana yi, amma PLA, robar da aka fi bugawa da ita, tana fara laushi tun wajen digiri 60, layukan bugun kuma sai an cike an goge kamar dai jijiyar katako. In ba ka da tsohon murfi, hanya ce mai kyau ta samun siffa mai daidaito, sai ka cika cikinta da POP don ta jure danniya.

Inda zan ce ka koma ga katako shi ne in tsohon murfin ya riga ya murɗe saboda rana, ko wanda ya ƙera shi tun farko bai bi siffar jirgin gaske ba. Ka ɗora shi a kan gangar jirgin ba tare da ka danna ba, ka duba ta gaba da ta baya, ka gwada shi da zanen Mustang mai fuska uku, wato ta gefe, ta sama da ta gaba. In ya zauna lafiya, nemi yashi da POP. In ya ɗan kauce a wuri ɗaya kawai, har yanzu zuba shi za ka yi, don POP na karɓar gyara: ana kankare shi da wuƙa, ana cike ramin da sabon kwaɓi bayan an jiƙa wurin. Ka sayi roba da za ta ishe ka ka kifa sau huɗu aƙalla, ka bar ledar kariyar da ke jikinta har sai za ka saka ta a firam, kuma ka sa safar hannu mai kauri, don firam ɗin na fitowa daga obin da zafin da ke tayar da bororo.