Gidan fulawar da nake sayen dangin abarba a Abuja, ga yanda na same su

Jama'a tunda kuna ta tambayata inda nake samo fulawoyin nan masu kama da kan abarba, bari na faɗa muku gaskiyar wurin, mai daɗi da mara daɗi. Wani lambu ne na bakin titi a Abuja, irin waɗanda suke jera tukwane ƙarƙashin rumfar raga. Shekara biyu kenan ina saye a hannunsu, yanzu ina da tukwane 14 a baranda ta nan Kaduna, kuma 9 daga wurinsu suka fito.

Ga wanda bai san su ba, sunansu bromiliyad, kuma abarbar da muke sha 'yar gidansu ce. Sun haura kala 3,000, kusan dukkansu 'yan nahiyar Amurka ne, banda guda ɗaya tak, Pitcairnia feliciana, da take fitowa a jikin duwatsu a ƙasar Gini, nan yammacin Afirka. Da yawansu a daji kan bishiya suke zama, saiwarsu ta riƙe reshe ce kawai, ruwa kuma ta ɗan kofin da ganyen ya yi a tsakiya suke sha. Ku riƙe wannan domin nan ne matsalata da lambun take.

Kayansu dai masu lafiya ne, wannan ba zan ɓoye ba. Ban taɓa ɗauko tukunya na tarar da farin ƙwaron nan mai kama da auduga a hammatar ganye ba, kuma ina dubawa sosai. Cikin kalolin bromiliyad ɗin, suna da Guzmania ja da rawaya kusan kullum, Neoregelia mai jan ciki, wani lokacin a dace da Aechmea fasciata, mai ganye kaman an barbaɗa masa hoda da fure ruwan hoda, ita ce ta fi kwanta min a rai. Dattijon da yake kula da wurin mutumin kirki ne, ranar farko da na nuna wata Guzmania mai ƙaton fure sai ya ce, Hajiya wannan ta gama yayinta, ɗauki waccan da furen bai gama buɗewa ba za ki fi morarta. Mai son ya sayar kawai ba zai faɗa miki haka ba.

Amma ƙasar da suke dasawa a ciki, wallahi ita ce ta ɓata min rai. Baƙar ƙasa ce mai nauyi haɗe da takin shanu, irin wadda ake saka wa sauran fulawoyi, ta riƙe ruwa ta ƙi saki. Neoregelia ta ta farko a watan Agusta ta tafi, ana tsakiyar damina, na zo ɗaga tukunyar kawai sai tsakiyar ganyen ya zare a hannuna, gindin ya yi laushi yana wari, na yi kwanaki abun yana damuna domin ita na fi lallaɓawa. Na koma na faɗa musu, dattijon ya ba ni haƙuri har ya rage min kuɗi a wata tukunyar, sai dai har yau ƙasar bata canja ba. Toh ni yanzu duk wadda na sayo, ranar nake juye ta. Ina haɗa ɓawon kwakwa da na yanka ƙanana, gawayi da na farfasa, ɗan yashi mai tsakuwa, a ƙaramar tukunya mai huji da yawa, ba na binne gindin da zurfi. Tun daga nan babu wadda ta sake ruɓewa.

Na biyu, yaran da suke tsaron wurin in dattijon baya nan basa gaya wa mutane cewa sau ɗaya uwar take fure a rayuwarta. Furen zai iya kai wata uku ko fiye, bayan nan ta fara bushewa a hankali tana fidda 'ya'ya ta gefe. Ƙawata da na kai wurin ta zubar da tata da 'ya'ya uku a jiki, a zatonta ta mutu ne. Dan Allah kar ku zubar. Ku yanke busasshen furen, ku ci gaba da ban ruwa, in ɗan ya kai kashi ɗaya cikin uku ko rabin girman uwar sai ku sa wuƙa mai tsabta ku cire shi. Tukwane 5 na da ban saya ba duk ta haka na same su.

Kuɗinsu ya ɗan ɗara na maƙwabtansu, ana ragi kaɗan in kin ɗauki biyu ko uku. Aike ta mota kuwa sau ɗaya na gwada, kwalin ya iso da karyayyun ganye biyu, na fi son na je da kaina.

Wani abu da ba za ki ji a bakinsu ba shi ne sauro. Ruwan kofin nan in ya daɗe tsutsar sauro na taruwa, ni duk Juma'a nake karkata tukunya na zubar na ɗauraye na zuba sabo. Ruwan sama nake tarawa a jarka, na bohol ɗinmu yana barin farin gishiri a ganye. Da hunturu bakin ganyen yana bushewa, sai na riƙa fesa musu ruwa da safe ina goge ƙura, rana ta Maris da Afrilu kuma tana ƙona Guzmania cikin wuni ɗaya, inuwa mai haske take so, ita kuwa Neoregelia in bata samu ranar safe ba jan nata ya dushe ta koma kore.

Zan koma wurinsu, domin na roƙi dattijon ya ajiye min Billbergia, wata kalar bromiliyad ɗin, in ta shigo, ya ce sai dai bayan damina. In za ki je, ki nemi shi da kansa, ki leƙa gindin tukunya ki zaɓi mai ɗan tsiro a gefe, kuma ki tanadi gawayinki da ɓawon kwakwa kafin ki fita daga gida.