Magen da aka tsinta ko ɗan magen da ake talla?

Ƙanwata, tsakanin magen nan mai tsoron mutane da maƙwabciyarki ta tsinta a bayan Babbar Kasuwa da ɗan mage mai dogon gashi da ake yi miki talla, shawarata ita ce ki ɗauki wadda aka tsinta, domin na riƙe irin biyun duka.

Tawa na same ta ne da damina, jiƙe sharkaf a ƙarƙashin amalanke a unguwarmu. Kwana goma sha biyu ta yi a bayan buhunan gero a ɗakin ajiya, ba ta fitowa sai dare ya raba, sai dai da safe in tarar kwanon kifi a lashe. Na hana yara bin ta, na ajiye mata ruwa da tasar yashi a kusurwa, kuma kullum bayan sallar isha'i nakan zauna a bakin ƙofa ina jan carbi ba tare da na kalle ta ba. A dare na goma sha uku ta zo ta shinshina yatsun ƙafata. Yau shekararta huɗu a gidan, ɓera bai sake taɓa mini hatsi ba.

Mai dogon gashin da na saya kuwa kyakkyawa ne, amma zafin watan Afrilu na Maraɗi, da yakan haura digiri 40, ya galabaitar da shi, gashinsa ya cukurkuɗe, na yi nadamar kuɗina.

Ki yi hattara da masu talla. Wasu suna raba ɗan mage da uwarsa kafin ya cika mako 8, su rantse cewa ɗan ƙasar waje ne kuma an yi masa rigakafi, alhali katin da suke nunawa babu hatimin likita a kansa.

Tun da gidanki ba shi da hayaniya, ya dace da mai tsoron. Ki keɓe mata ɗaki guda tukuna, idan ta sake da ke ki kai ta wurin likitan dabbobi a yi mata allurar haukan kare, a ba ta maganin tsutsar ciki. Ko da kin ga ba ta da lafiya, kada ki ba ta farasitamol, domin yana kashe mage.