Tuwon hatsin daka a wata rumfa ta Tawa

Duk wanda ya tashi a Adar ya san tuwon hatsi iri biyu ne: akwai na garin inji, akwai na garin turmi. Na turmin ya yi wuyar samu yanzu a cikin garin Tawa, har a gidajen da ke cike da ƴammata. Shi ya sa nake son ku san da wata dattijuwa mai saida tuwo a ƙofar gidanta, ba nisa da babbar kasuwa. Ba allo, ba suna a bango, rumfar zana ce da benci guda da tabarmi. Kowa Inna yake ce mata.

Aikin gidan tun da sassafe yake farawa, kuma daga titi za ka ji shi. Jikokinta biyu ke kan turmi, babban turmin ƙirya da bakinsa ya yi sulɓi saboda daɗewa, suna lugude. A yayyafa wa hatsi ruwa a surfa, a juye a faifai a bakace, dusa ta koma gefe don tumaki. A wanke, ƙasarin ma dabbobi ke sha. Sai a bar hatsin ya tsane, a maida shi turmi a daka, a tankaɗe a rariya, tsakin da ya rage ya sake komawa ƙarƙashin taɓarya har ya zama gari. Tiya nawa suke dakawa haka kowace rana, Allah kaɗai ya san gajiyar kafaɗunsu.

Na sa hannu cikin ƙwaryar garin da aka gama tankaɗewa: sanyi gare shi, da ɗan damshi, da ƙamshin hatsi sak. Garin inji kuwa da zafinsa yake fitowa, kuma duk abin da aka niƙa kafin naka, masara ce ko wake ko tattasai, sai ya bar maka warinsa. Wannan bambancin ne ke bin tuwon har cikin baki. Na Inna yana da laushi da danƙo, ba ya farfashewa a hannu, loma na wucewa ba sai an kora da ruwa ba. In ya kwana kuma, ɗumamensa ya fi sabon daɗi.

Murhunta duwatsu uku ne. Tuwon a tukunyar sanholama take tuƙa shi, irin wadda maƙera ke zubawa a kasuwar Katako ta Yamai, don ta ce tukunyar ƙasa ba ta jure muciya idan tuwo ya yi yawa. Na tsaya na ga tuƙin. Ta yi talge, ta rufe ya dahu, sannan ta riƙa barbaɗa gari da hagu tana juya muciya da dama, ta dafe tukunya da ƙafa bisa tsumma. Babu gudaji ko ɗaya. Ta janye itace ta bar shi ya sulala kan garwashi, ta tsoma mara a ruwa ta fara kwasa, malmala bayan malmala, kusan duk girmansu ɗaya.

Amma ni miyar ce ta kama ni. Ita a tukunyar ƙasa baƙa ƙirin take dahuwa, a hankali, tun kafin a ɗora tuwo. Daddawar kalwa da gabu da kauɗa da tattasai da citta duk a ƙaramin turmi take daka su, ta zuba albasar Galmi, ta sa busasshen kifin Tabalak ya narke a ciki. Kukar sai an kusa zubawa take kaɗa ta da maburgi, shi ya sa take zuwa kore shar, ba ta yi baƙi ba, ba ta tsinke ba. A sama ta ɗiga man shanun da ta soya da albasa. Na ce, "Inna, ba ki sa Maggi ne?" Ta ce, "Ɗiyata, ɗanɗana tukuna, in kin ji da saura ki faɗa mini." Ban ji da saura ba. Miyar kuɓewa busassa ma tana yi, sai dai a bakina kanwarta ta ɗan yi yawa, don haka kukar nake zaɓa.

Kuɗin kuwa, malmala biyu da miya dala 50, wato sefa 250, in da kifi da man shanu dala 100. Gaskiya ya yi araha ƙwarai in aka dubi wahalar. Wanda ya taɓa riƙe taɓarya har tafinsa ya yi kanta ba zai tsaya neman ragi a nan ba, kuma ina roƙon masu zuwa kada su nema.

Akwai abin da ya kamata ku sani kafin ku je. Jira dole ne. Wanda ya zo da gaggawar komawa aiki zai ji haushi, don ba a kwasar tuwo sai ya sulala, ko da layin ya kai titi. Wurin zama kaɗan ne, ranar Lahadi kuma, da yake ita ce ranar kasuwar Tawa, mutanen ƙauye kan cika shi tun kafin azahar. Da damina akwai ƙuda. Sannan hayaƙi. Wannan shi ya fi damuna, ba don tufafina ba, don idanun Inna da kullum suke ja suna hawaye, ga tarin da take yi. Tun da matatar mai ta SORAZ ta fara aiki a Damagaram a 2011 gaz ya shiga gidaje da yawa, ni ma da shi nake girki, kuma ba zan ce wa kowace mace ta koma hura wuta ba. Na yi mata zancen murhun Mai Sauƙi, wanda ke rage cin itace da hayaƙi ba tare da ta rabu da tukwanenta ba. Ta ce za ta duba. Ina fatan ta duba ɗin, don daɗin tuwonta daga turmi da haƙurinta yake fitowa, hayaƙin bai ƙara masa komi ba.

In za ku je, ku je wajen ƙarfe 12 da rabi, ku tafi da kwanonku mai murfi idan gida za ku kai, domin ba ta zuba tuwo a leda. Ranar Juma'a ba ta yin tuwo, dambun tsaki da zogala take turarawa a madambaci, da ƙuli-ƙuli da ɗanyar albasa. Mai son ƙanzo kuma ya faɗa tun da wuri a ajiye masa, don yaran unguwa na riga kowa.